Jirgi Mai Juya Farfela da Yaƙin Laturoni: Kimiyyar da Ke Sauya Jiragen Saman Soja

Gabatarwa

Duk jirgin saman soja da aka tura aiki cikin ƙasar abokan gaba yana fuskantar matsaloli biyu. Ta farko ita ce yadda zai isa inda aka aike shi da sauri, ya sauka ko da babu filin jirgi, ya kuma komo gida kafin mansa ya ƙare. Ta biyu ita ce yadda zai kuɓuta daga na'urorin da ke nemansa a sararin sama da makamai masu linzamin da suke yi wa jagora. Don warware matsalar farko aka ƙera jirgi mai juya farfela, wanda yake tashi tsaye kamar helikwafta, sa'an nan ya miƙa kamar jirgi mai fikafikai. Don ta biyu kuwa aka ɓullo da abin da ake kira yaƙin laturoni. A wannan darasi za mu duba yadda kowannensu yake aiki. Mai karatu zai ga cewa tushensu duka shi ne Fiziks ɗin da ake koyarwa a makarantun sakandare, zai kuma ga cewa babu ribar da injiniya yake samu a ƙirar jirgi ba tare da ya biya wani abu a madadinta ba.

Daren da ya jawo sabon jirgi

A ranar 4 ga Nuwamba 1979 ɗaliban Iran suka mamaye ofishin jakadancin Amurka da ke Tehran, suka yi garkuwa da ma'aikatansa. Bayan fiye da wata biyar ba a sasanta ba, Shugaba Jimmy Carter ya ba da izinin a ƙwato mutanen da ƙarfin soja. To, amma Tehran tana da nisa ƙwarai daga teku. Helikwafta ba zai kai can da man da ke cikinsa ba, jirgi mai fikafikai kuma ba shi da wurin sauka a tsakiyar birni. Saboda haka aka tsara cewa jiragen helikwafta 8 za su tashi daga kan jirgin ruwan yaƙi mai suna Nimitz, su yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa wani fili cikin hamada, inda za su haɗu da jirage samfurin C-130 masu ɗauke da sojoji da mai. Daga nan sai su ɓuya kusa da Tehran yini guda, su kai farmaki a dare na biyu.

An tashi a daren 24 ga Afrilu 1980. Helikwafta ɗaya ya sauka a hanya saboda na'urarsa ta nuna alamar lahani a farfela, aka bar shi nan. Sauran suka faɗa cikin guguwar ƙura, ɗaya ya juya ya koma. Shida suka isa, amma ɗaya daga cikinsu ya sami matsalar da ta hana shi ci gaba. Biyar ke nan suka rage, alhali shirin yana bukatar aƙalla shida. Sai aka soke aikin. Ana cikin shirin janyewa wani helikwafta ya bugi jirgin C-130 mai ɗauke da mai, wuta ta tashi, sojoji 8 suka halaka. Ba su ma haɗu da sojan Iran ba. Mutane 52 da aka tsare ba su sami kansu ba sai a Janairun 1981, bayan kwana 444.

Wannan al'amari ya ƙarfafa ra'ayin da wasu hafsoshin Amurka suke da shi tun da, cewa ana bukatar jirgi guda mai sauka ko'ina kamar helikwafta, mai kuma sauri da dogon zango kamar jirgi mai fikafikai.

Abin da ke hana helikwafta sauri

Jirgi yana tsayawa a sama ne domin fiffikensa yana tura iska ƙasa, ita kuma iskar ta tura shi sama, kamar yadda ƙa'idar Niyuton ta uku ta bayyana. Amma fiffike ba ya yin wannan aiki sai iska tana ratsa shi da sauri. Shi ya sa jirgi mai fikafikai yake bukatar dogon titi, ya yi gudu tukuna kafin ya ɗaga. Helikwafta kuwa fikafikansa ne suke gudu a madadinsa, domin kowane reshe na farfelarsa siririn fiffike ne da inji yake juyawa. Don haka yana iya tashi daga tsaye, yana kuma iya tsayawa cik a sama.

Wannan dabara ita ce kuma take taƙaita saurinsa. A ɗauka bakin reshen farfela yana zagayawa da saurin kilomita 750 a awa, shi kuma helikwaftan yana tafiya gaba da saurin kilomita 300 a awa. Reshen da ke zuwa gaba zai haɗu da iska mai saurin 750 + 300, wato 1,050. Reshen da ke komawa baya a ɗaya gefen zai sami 750 - 300, wato 450 kawai. In matuƙi ya ƙara sauri, reshen gaba zai kusanci saurin sauti, wanda yake kimanin kilomita 1,225 a awa a kusa da ƙasa, inda iska take yin turjiya mai tsanani, ga jijjiga. Reshen baya kuma iskar da ke ratsa shi za ta yi ta raguwa har ya kasa ɗaukar rabonsa na nauyi, jirgin ya nemi karkacewa. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin jiragen helikwafta ba sa wuce kilomita 250 zuwa 300 a awa a tafiyarsu ta yau da kullum. A 1986 wani helikwaftan Ingila mai suna Lynx, wanda aka yi wa gyara na musamman, ya kai kilomita 400 a awa da 'yan kai, aka rubuta shi cikin tarihi a matsayin abin bajinta.

Yadda jirgi mai juya farfela yake aiki

A dubi fankar sili da fankar tebur. Ta farko tana hura iska ƙasa, ta biyu tana hura ta gefe, amma aikinsu iri ɗaya ne, inda suka fuskanta ne kawai ya bambanta. Jirgi mai juya farfela yana da fikafikai kamar na kowane jirgi, sai dai a ƙarshen kowane fiffike akwai babbar farfela da ake iya karkatawa. Lokacin tashi tana fuskantar sama, ta ɗaga jirgin. Da ya yi sama sai matuƙi ya riƙa karkato ta gaba sannu a hankali, jirgin ya ƙara sauri, fikafikai su karɓi nauyi. In farfela ta gama fuskantar gaba, dukkan rassanta suna haɗuwa da iska daidai wa daida, matsalar reshen gaba da na baya ta kau ke nan.

Tunanin ya girmi abin da ya faru a Iran. Kamfanin Bell na Amurka ya tayar da jirgin gwaji mai suna XV-3 a 1955, sa'an nan XV-15 a 1977. A 1983 aka ba kamfanonin Bell da Boeing kwangilar ƙera wanda soja za su yi aiki da shi. Aka sa masa suna V-22 Osprey, sunan wani tsuntsu dangin shaho mai kamun kifi. Ya fara tashi ranar 19 ga Maris 1989, amma bai shiga aiki sosai ba sai 2007, shekarar da aka kai shi Iraƙi.

Osprey yana da inji biyu, kowanne mai ƙarfin doki 6,150, da farfela biyu masu rassa uku-uku, faɗin kowace mita 11.6. Yana ɗaukar sojoji 24 a zaune, yana tafiya da saurin kimanin kilomita 450 a awa, yana iya haura 500. Tafiyar kilomita 1,000 irin ta daren Iran, wadda za ta ci wa helikwafta mai saurin 250 awa huɗu, shi zai yi ta cikin awa biyu da kwata. Ana kuma iya ba shi mai yana cikin tafiya a sama. Akwai wata doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa cikin fiffike ta haɗa farfelun biyu, ta yadda in inji ɗaya ya mutu, ɗayan zai ci gaba da juya su duka. Ba don haka ba, da jirgin zai kife nan take. Har ila yau, abin da matuƙi ya taɓa ba ya isa ga farfela kai tsaye, sai ya bi ta kwamfuta, wadda aka yi ta rukuni uku domin in ɗaya ya lalace sauran su riƙe aikin. Don a sami wurin ajiye shi a jirgin ruwa, rassan farfela suna naɗewa, fiffike ya juya ya kwanta bisa gangar jiki cikin kimanin sakan 90.

Taura biyu

Hausawa sun ce taura biyu ba ta taunuwa. Farfelar da ta dace da tsayawa a sama ita ce mai faɗi ƙwarai, wadda take tura iska mai yawa a hankali. Wadda ta dace da gudu kuwa ƙarama ce. Farfelar Osprey tsaka-tsaki ce: ta yi wa aikin helikwafta kaɗan, ta yi wa aikin jirgi mai fikafikai yawa. Babban helikwaftan Amurka samfurin CH-53E farfelarsa ta kai mita 24, fiye da ninki biyu na ta Osprey. Da yake ƙaramar farfela dole ta tura iska da ƙarfin gaske kafin ta ɗaga nauyi, Osprey yana shan mai da yawa in ya tsaya a sama, yana kuma tayar da ƙurar da ke rufe idon matuƙi, ta shiga inji. Daɗin daɗawa, fiffiken da ke ƙarƙashin farfela yana tare wani kashi na iskar, har a yi asarar kimanin kashi ɗaya bisa goma na ƙarfin ɗagawa.

An biya farashin da rayuka. Tsakanin 1991 da 2000, lokacin gwaji, jirage 4 sun faɗi, mutane 30 suka mutu. Mafi muni shi ne na 8 ga Afrilu 2000 a jihar Arizona, inda sojoji 19 suka halaka. Jirgin ya riƙa saukowa da sauri fiye da ƙima alhali tafiyarsa ta gaba ba ta da yawa, sai farfela ɗaya ta nutse cikin iskar da ita kanta ta turo ƙasa. Iskar ta riƙa kewaya bakin farfelar kamar zobe maimakon ta wuce, ƙarfin ɗagawa ya ɓace a gefe guda, jirgin ya kife. Helikwafta ma yana shiga wannan hali, amma a jirgi mai farfela biyu a gefe da gefe haɗarin ya fi girma. Bayan wannan aka tsaurara ƙa'idar sauka, aka sa na'urar gargaɗi, aka kuma koya wa matuƙa su karkata farfela gaba kaɗan don su fita daga tarkon.

Ranar 29 ga Nuwamba 2023 wani Osprey ya faɗa teku kusa da tsibirin Yakushima na Japan, mutane 8 suka mutu, aka dakatar da tashin dukkan jiragen har kimanin wata uku. Bincike ya nuna cewa wata giya ce ta tsage cikin akwatin giyar da ke juya farfela, kuma matuƙan sun ci gaba da tafiya duk da gargaɗin da na'ura ta yi ta ba su. Ga kuma tsada: kowane jirgi ya haura dala miliyan 70.

Duk da haka ba a yi watsi da dabarar ba. An ƙera Osprey fiye da 400, Japan ma ta sayi 17. A Disamban 2022 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta zaɓi sabon jirgin Bell mai suna V-280, wanda ya fara tashi a 2017, don ya gaji wani ɓangare na aikin helikwaftanta samfurin Black Hawk, a 2025 kuma ta sa masa lamba MV-75. An ƙera shi don ya yi kilomita 520 a awa. Babban bambancinsa da Osprey shi ne injinsa ba ya juyawa, farfela da abin da ke juya ta ne kawai suke karkata.

Rada: ido mai amfani da amsa-kuwwa

Yanzu sai matsala ta biyu. Galibi jirgi ba ya kai makami mai linzami gudu, don haka tsirarsa tana ga hana a gan shi, ko ruɗa wanda ya gan shi. Kafin mu fahimci yadda ake ruɗa rada, sai mun san yadda take gani.

Wanda ya yi kira a gindin dutse yakan ji muryarsa ta dawo. Da irin wannan amsa-kuwwa jemage yake gane hanyarsa cikin duhu. Rada ma haka take, sai dai igiyoyin rediyo take aikawa a madadin sauti. Waɗannan igiyoyi suna tafiya da saurin haske, kilomita 300,000 a sakan ɗaya. In suka bugi jirgi, kaɗan daga cikinsu ya dawo, sai na'urar ta auna lokacin da aka ɗauka. Alal misali, in amsa ta dawo bayan sakan 0.001, igiyar ta yi tafiyar kilomita 300 zuwa da dawowa, jirgin yana nisan kilomita 150 ke nan. Robert Watson-Watt ya nuna wa hukumomin Ingila cewa ana iya gano jirgi ta wannan hanya a Fabrairun 1935, kafin yaƙin duniya na biyu ya ɓarke kuma an kafa jerin tashoshin rada a gaɓar tekun ƙasar.

Kowace igiya tana da tsawon zango da yawan kaɗawa. Masu sauraron rediyo sun saba jin ana cewa a kama tasha a kan mita 49 ko mita 31 a gajeren zango. To, wannan mita shi ne tsawon igiyar. Ana samun sa ta hanyar raba saurin haske da yawan kaɗawa: igiya mai kaɗawa sau miliyan 6 a sakan tsawonta 300,000,000 ÷ 6,000,000, wato mita 50. Na rada sun fi haka gajarta ƙwarai, galibi 'yan santimita ne.

Rada tana da rauni guda babba. Mai riƙe da tocila cikin dare ana hango shi daga nesa tun kafin haskensa ya nuna masa kowa. Haka rada take tona asirin kanta da zarar an kunna ta. Daga wannan rauni yaƙin laturoni ya samo asali.

Rassa uku na yaƙin laturoni

Reshe na farko shi ne saurare. Jirgin yaƙi na zamani yana ɗauke da na'ura mai jin igiyoyin rada da suka faɗo kansa. Tana gwada su da bayanan da aka adana cikin kwamfutarta, ta gaya wa matuƙi irin radar da ke kallonsa, da ɓangaren da take, da kuma ko nema kawai take yi ko ta riga ta kafa masa ido don harbi.

Reshe na biyu shi ne farmaki, wato toshewa da ruɗarwa. Tun a Afrilun 1904, a yaƙin Rasha da Japan, ma'aikatan rediyon Rasha a Port Arthur suka cika iska da ƙara don hana jiragen ruwan Japan aika wa juna bayanin inda harsasansu suke faɗuwa. Toshe rada ma haka yake: jirgi ya aika da ƙara mai ƙarfi a kan zangon radar, ta rufe 'yar amsar da take jira. Lissafi yana goyon bayan mai toshewa. Igiyar rada tana yin tafiya biyu, zuwa da dawowa, kuma a kowace tafiya in nisa ya ninka biyu ƙarfinta yana komawa kashi ɗaya bisa huɗu. Saboda haka amsar da ke dawowa takan koma ɗaya bisa 16. Ƙarar mai toshewa kuwa tafiya ɗaya take yi, ɗaya bisa huɗu kawai take komawa. Amma a lura da ɗaya fuskar lissafin. In jirgin ya rage nisansa da rabi, amsar za ta ninka sau 16, ƙarar kuwa sau 4 kacal. Don haka akwai iyakar da in jirgi ya ƙetare ta radar za ta gan shi duk da ƙarar.

Akwai kuma ruɗarwa da abin da za mu kira ƙaiƙayin ƙarfe. Siririn ƙarfe mai tsawon rabin zangon igiya yana mayar da ita da ƙarfi fiye da girmansa. Radar Jamus mai suna Würzburg tsawon zangonta kimanin santimita 53 ne, saboda haka Turawan Ingila suka yayyanka takardar alminiyam tsawon santimita 27. A daren 24 ga Yuli 1943 jiragensu 791 suka nufi birnin Hambag suna watsa ta dami-dami. Allunan radar Jamus suka cika da jiragen ƙarya, jirage 12 kawai aka rasa. Ya kamata ɗalibi ya san abin da ya biyo baya: hare-haren da aka kai wa Hambag cikin kwanakin nan sun kashe mutane kusan 40,000, galibinsu farar hula.

Na'urorin yanzu sun fi wayo. Sukan kama igiyar rada, su adana kamanninta, su mayar mata da ita bayan ɗan jinkiri. Jinkirin sakan 0.00001 ya isa ya sa radar ta ga jirgin a wani wuri mai tazarar kilomita 1.5 daga inda yake. Akwai ma jiragen da aikinsu ke nan kacokan, kamar EA-6B Prowler da Amurka ta yi aiki da shi har 2019, da magajinsa EA-18G Growler, wanda ya shiga aiki a 2009, Ostareliya ma ta saya.

Reshe na uku shi ne kariya, wato hana abokin gaba ya toshe naka. Babbar dabara a nan ita ce tsalle daga zango zuwa zango sau da yawa cikin sakan ɗaya, bisa tsarin da mai toshewa bai sani ba. Wata 'yar wasan fim, Hedy Lamarr, da wani mai tsara kiɗa, George Antheil, sun yi rajistar irin wannan dabara a Amurka a 1942. Da irinta na'urar Bluetooth da ke cikin wayoyin hannu take kauce wa cunkoso a yau.

Tarihi ya nuna nauyin waɗannan rassa. A yaƙin Oktoban 1973 Isra'ila ta rasa jirage kimanin 100, mafi yawansu a hannun makaman kakkaɓo jirage na Masar da Siriya. Shekara tara bayan haka, ranar 9 ga Yuni 1982, a kwarin Biƙa na Labanan, ta fara tura jirage marasa matuƙa, sojan Siriya suka kunna radarsu, aka gane wurarensu da zangonsu, aka toshe sadarwarsu, aka rugurguza mafi yawan rukunonin makamansu 19 cikin yini guda. Amma kowane allazi da nasa amanu. A yaƙin Rasha da Yukren da ya faɗaɗa a 2022, toshe rediyo da siginar GPS ya yi tsananin da ya sa daga 2024 aka koma sarrafa wasu ƙananan jirage marasa matuƙa da siririn zaren gilashi mai ɗaukar haske, wanda ƙarar rediyo ba ta shafarsa.

Makami mai bin zafi

Ba kowane makami ne yake dogara da rada ba. Duk abu mai zafi yana fitar da wani haske da idon mutum ba ya gani, kuma injin jirgi yana fitar da shi da yawa. Akwai ƙananan makamai masu linzami da mutum ɗaya yake saɓawa a kafaɗa, irin Stinger da aka yi amfani da shi a kan jiragen helikwaftan Tarayyar Sobiyet a Afganistan daga 1986, masu bin wannan haske. Da yake ba sa aika igiyar komai, na'urar saurare ba ta jin su. Sai aka sa wa jirage idanun da ke hango wutar makamin da zarar an harbo shi. Jirgi sai ya watsa dunƙulen wuta na maganiziyam, masu zafin da ya haura digiri 1,000, makamin ya bi su. Da makamai suka koyi bambanta inji da dunƙulen wuta, sai aka ƙera na'urar da ke dallara wa idon makamin hasken leza har ya ɓace hanya.

Inda biyun suka haɗu

Jirgi mai juya farfela yana shiga can cikin ƙasar abokan gaba, sa'an nan ya rage sauri ya tsaya a sama kafin ya sauka. A wannan lokaci ya fi kowane lokaci zama cikin haɗari. Shi ya sa samfurin CV-22 na mayaƙan saman Amurka yake ɗauke da kusan duk abin da muka ambata: na'urar saurare, da ta toshewa, da ƙaiƙayin ƙarfe, da dunƙulen wuta, da na'urar makantar da makami mai bin zafi, da kuma radar da ke ba shi damar tafiya ƙasa-ƙasa cikin dare yana bin tudu da kwari. Irin waɗannan jirage suna cikin waɗanda aka yi aiki da su ranar 31 ga Oktoba 2020 wajen kuɓutar da wani Ba'amurke a arewacin Nijeriya, bayan an sace shi a kusa da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar.

Sai dai na'urar laturoni tana da iyaka. A Disamban 2013 jirage CV-22 guda 3 sun je kwashe Amurkawa daga garin Bor na Sudan ta Kudu, aka buɗe musu wuta da bindigogi daga ƙasa, sojoji 4 suka ji rauni. Harsashi ba shi da rada, ba shi da ido mai bin zafi, babu abin da za a ruɗa a jikinsa. Abin da ya ceci jiragen shi ne ƙarfin ƙirarsu, da man da aka ba su a sama, da dogon zangon da ya kai su Entebbe ta ƙasar Yuganda, tafiyar ɗaruruwan kilomitoci.

Kammalawa

Mun ga cewa helikwafta ya sayi ikon tsayawa a sama da saurinsa, jirgi mai juya farfela ya fanso saurin da tsada da sarƙaƙiyar inji, rada ta sami gani amma ta tona kanta, kuma kowace dabarar ruɗarwa ba ta daɗewa sai an samo maganinta. Ƙasar da ta sayi irin waɗannan jirage ba ta gama aiki ba, domin sai ta sami injiniyoyin da za su duba giya kafin ta tsage, da masana da za su riƙa sabunta bayanan da ke cikin na'urar saurare. Kuma ilmin nan ba na yaƙi ne kaɗai ba. Da rada ake tsara zirga-zirgar jiragen fasinja, ake kuma bin sawun hadari, da ilmin igiyoyin rediyo wayar hannu take aiki. Ɗalibin da ya riƙe darasin motsi da na igiyoyi da kyau ya riga ya taka matakin farko. Muna ba malamai shawara su sa ɗalibai su yi lissafin da ke ƙasa da hannunsu a aji.

Tambayoyi

1. Bakin reshen farfelar wani helikwafta yana gudun kilomita 780 a awa, jirgin kuma yana tafiyar kilomita 260 a awa. Nawa ne saurin iskar da reshen gaba da reshen baya suke samu?

2. Amsar rada ta dawo bayan sakan 0.0004. Nawa ne nisan jirgin?

3. Wata rada tana aika igiya mai kaɗawa sau miliyan 3,000 a sakan. Nemo tsawon zangonta, da tsawon ƙaiƙayin ƙarfen da zai ruɗa ta.

4. In nisan jirgi daga rada ya ninka uku, zuwa kashi nawa ƙarfin amsar zai koma, zuwa kashi nawa kuma ƙarar mai toshewa za ta koma?

5. Bayyana amfanin sandar da ta haɗa farfelun Osprey, sa'an nan ka kawo illoli biyu da ƙanƙantar farfelarsa take jawowa.